Rufin Da Ya Tsaya A Rabi

Mun fi sabawa da mota mai rufi a manne, shi ya sa Peugeot 206 CC, wadda ta fito a 2000, take ba mu mamaki idan ta naɗe rufinta cikin but. Aikin ba wani sihiri ba ne: ƙaramin moto na lantarki ke juya famfo, famfon ya tura mai, man ya ɗaga sandunan rufin.

Ranar da rufin ya maƙale a rabi, ga hadari ya haɗo, nan take za ka ji an ce moto ya ƙone, a sayo wani. Mu dai ba ma saurin yarda. Mukan fara duba fiyus da ƙarfin batir, sannan labulen kaya na cikin but, domin idan ba a ja shi ba, motar ba za ta motsa rufin ba ko kaɗan. Idan moton yana ƙugi amma rufin bai tashi ba, galibi mai ne ya zube. Idan kuwa shiru ne, sau da yawa kabon ɗinsa ne ya cinye, kuma rewaya mai haƙuri zai canza shi da kuɗi kaɗan.