Ranar Da Muka Zama Baƙi A Birnin Shehu

A fitowar wannan mako za mu ba ku labarin wata kunya da muka sha, da yawon da kunyar ta jawo mana.

A farkon zangon nan aka kawo wata sabuwar ɗaliba makarantarmu daga Katsina, saboda an yi wa mahaifinta canjin wurin aiki. Da ta shigo ƙungiyarmu ta 'yan jarida, sai ta ce tun tana firamare take jin labarin Sakkwato, yanzu da Allah Ya kawo ta tana so mu zagaya da ita. Muka ce wannan ai ƙaramin abu ne, mu da aka yanke wa cibiya a nan. Sai ta tambaye mu inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Mu wajen shida muka haɗa baki muka ce Hubbare. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ita dai a littafi ta karanta cewa a Wurno yake. Muna cikin musu Malam mai kula da ƙungiya ya shigo, ya saurare mu, ya ce gaskiyarta. Ya kuma ƙara da tasa tambayar: ƙofofin birnin nan nawa ne, wa zai lissafo su? Wanda ya fi ƙoƙari a cikinmu ya kawo biyar, cikinsu har da Ƙofar Nasarawa, wadda ta Kano ce.

Malam bai yi mana faɗa ba. Ya ce kowa ya karɓo izinin iyayensa, ya tanadi kuɗin mota da na fura, ranar Alhamis ta hutun rabin zango za mu fita. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar nan dukanmu baƙi ne. Kada wanda ya ce "ai na sani". Duk inda muka tsaya mu yi sallama, mu yi tambaya, mu rubuta amsa.

Mu goma sha ɗaya muka fito, ga Malam ga Malama. Da ƙarfe bakwai da rabi muka haɗu, domin duk wanda ya san ranar Sakkwato ya san yawon safe shi ne yawo. Malama ta hana hawa kabu-kabu, ta ce ba za ta iya ƙirga babura goma sha uku a cikin cunkoso ba. Saboda haka muka tsayar da keke napep guda huɗu, waɗanda wasu ke kira agwagwa da buje. A nan muka fara ɗanɗana baƙunci. Ɗaya daga cikinmu ya gyara murya ya ce wa mai keken mu baƙi ne, Kanwuri za a kai mu. Nan take kuɗin ya kusa ninkawa. Yaron ya manta da wasan, ya ce, "Haba dai, jiya ma nawa munka biya?" Mai keken ya fashe da dariya ya ce, "Ku baƙi na, da wanga baki naku?" Aka koma farashin 'yan gari. Darasin farko da muka rubuta ke nan: a yi ciniki kafin a hau, kuma a faɗi sunan unguwa, domin masu keke sun fi gane sunan unguwa da na masallaci a kan sunan titi.

A Kanwuri muka sauka, gaban Fadar Sarkin Musulmi. Yawancinmu mun sha wucewa ta nan, amma ba mu taɓa tsayawa ba. Muka gaida dogarai cikin jajayen kayansu masu ratsin kore. Malam ya sa muka ƙirga da yatsu: Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ne na 20, ya hau a 2006, kuma mahaifinsa Sarkin Musulmi Abubakar na III ya yi shekara 50 a kan karaga, daga 1938 zuwa 1988. Ya ce birnin da muke tsaye a cikinsa Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, bayan an ci Alƙalawa a 1808. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa sai a 1815 ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato, ya rasu a 1817. Wato shekara biyu kawai ya yi a garin da ake kira da sunansa. Wannan ya ba mu mamaki ƙwarai.

Daga nan muka bi lungu a ƙafa zuwa Hubbare. Tsohon gari ba a gane shi daga cikin abin hawa. Muka ratsa zauruka, da makarantun allo, da masu sayar da littattafai da carbi da turare. Sau biyu muka ɓata hanya, sau biyu kuma tambaya ta fid da mu. Wani dattijo da ke zaune a kan buzu ya ce, "Ɗiyana, mi kuka biɗa?" Da muka faɗa masa, sai ya kira jikansa ya raka mu har bakin ƙofa, ya kuma hana mu ba yaron ko sisi. Baƙuwarmu ta Katsina ta rubuta wannan a littafinta, ta ja masa layi biyu.

A Hubbare muka tuɓe takalma, surutunmu ya ɗauke da kansa. Wurin nan gidan Shehu ne tun asali, a nan aka binne shi, a nan kuma 'yarsa Nana Asma'u take, tare da wasu daga cikin iyalansa da Sarakunan Musulmi. Muka yi musu addu'a. Abin da ya fi taɓa mu shi ne mutanen da muka tarar. Akwai wasu tsofaffin mata da suka ce daga Jamhuriyar Nijar suka zo, sun daɗe suna tara kuɗin mota. Mu kuwa akwai wanda gidansu bai kai tafiyar minti ashirin daga nan ba, kuma ranar ce shigarsa ta farko. Malama ta tara 'yan matan cikinmu ta ba su labarin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda take koyar da jajoji su koma ƙauyuka su koyar da mata. Wata a cikinmu ta ce ita da ta ɗauka Nana Asma'u sunan makaranta ne kawai. Babu wanda ya yi mata dariya, domin kowa ya san nasa gibin.

Kafin azahar muka leƙa wurin madunka, masu aikin fata. Muka ga yadda ake yanka jar fata ana ɗinka jaka da matashi da kube. Wani maɗinki ya ce fatar jar akuyar Sakkwato ce ake kaiwa ta hamada tun zamanin ayari, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can take isa gare su. Bayan salla muka fake a inuwa muka sha fura da nono. Zafin ya kai inda ruwan da muka riƙo a gora ya koma kamar na shayi.

Da rana ta ɗan yi sanyi muka sake hawa keke zuwa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Can muka ga tsofaffin makamai, da wasiƙu, da littattafan da aka rubuta da hannu. Wani ɗan ajinmu da ba ya yawan magana ya sunkuya a kan wata takarda ya karanto mana layi guda na ajami, albarkacin makarantar allo. Ranar ya zama gwaninmu. A nan ne kuma muka ji cewa Baturen nan Kilafaton ya zo ya gana da Muhammadu Bello a 1824, ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a 1827. Muka kuma gane dalilin da ya sa ake jin sunan Giginya a filin wasa da bariki da otal: a nan ne dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na I suka kara da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Sau nawa muka je kallon ƙwallo a filin nan ba mu san abin da sunan yake tunawa ba?

Aikinmu na ƙarshe shi ne ƙofofi, kuma shi ya fi ba mu wuya. Ganuwar ta kusa ƙarewa, gidaje da shaguna sun hau wurinta, sunayen ne suka rage a bakin mutane. Ba mu iya zagaye su duka ba, uku muka kai kafin la'asar ta yi sakaliya. Sauran a bakin dattawa muka cike su. Ga su nan, don kada a sake kama wani kamar yadda aka kama mu: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Dundaye. Takwas ke nan. Wasu sunan garin da suke fuskanta suka ɗauka, kamar Kware da Dundaye. Wasu sunan mutane ne, kamar Atiku da Aliyu Jeɗo, shugaban rundunar jihadi. Marke da taramniya kuwa itatuwa ne. Malam ya tambayi wanda zai iya nuna taramniya idan ya gan ta. Babu hannun da ya tashi.

A hanyar komawa muka ce wa baƙuwarmu ta yafe mana cika bakin da muka yi. Sai ta yi dariya ta ce ita ma tana da abin faɗa: shekara goma sha huɗu ta yi a Katsina, ba ta taɓa zuwa Hasumiyar Gobarau ba, daga nesa kawai take hango ta. Ta ce hutu na zuwa can za ta fara sauka. Ashe cutar ba tamu kaɗai ba ce. Ɗan gari yana ganin kullum akwai gobe, baƙo kuwa ya san kwanansa ƙirgagge ne, shi ya sa yake tambaya.

Abin da muke tsoro shi ne, dattawan da suka cike mana ƙofofin nan duk sun manyanta. Idan ba mu tambaye su yanzu ba, nan gaba wa za a tambaya?

Ga wanda yake son yin irin wannan yawo, ya fita da sassafe, ya riƙe ruwa da canji, ya sa takalmin da ke saurin cirewa da sutura ta kamala, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, kuma kada ya tafi sai da babba. Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu dama zango mai zuwa mu je Wurno, tunda a kanta aka fara kayar da mu. Mun kuma ajiye akwati a ƙarƙashin wannan allo. Kowa ya tambayi kakansa ko kakarsa asalin sunan unguwarsu, ya rubuto mana. Amsoshin da suka fi kyau za mu liƙa su a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta