Dokin Baba Mai Walda

Ina yaro a Madina ta ƙasar Gana, can bayan mahaɗar Zango, akwai wani dattijo da muke kira Baba Mai Walda. Ƙofofi da tagogi da kurfoti su ne abincinsa. Amma da an idar da la'asar sai ya zazzage buhun tarkacen da yake sayowa a Agbogbloshie: sarƙar keke, kusoshi, bakin fartanya, murfin tukunya. Ba ya zane a takarda. Da ƙafa yake juya su, ya yi shiru, can sai ka ji ya ce, "Kai yaro, miƙo min wancan, wuya ne."

Wuyan doki yake nufi. Wata uku ya yi yana haɗa shi, saboda dawakan hawan Sallah da yake gani a Nima sun tsaya masa a rai. Sarƙar keke ta zama geza, tsohon salansa ya zama ciki. Bai shafa masa fenti ba, wai tsatsa ita ce launin jan doki. Fuska kuwa bai yi mata ido ko baki ba. Malaminsa ya ja masa kunne game da surar abu mai rai, shi kuma mutum ne mai jin maganar malamai. Har yau ban ga dokin da ya kai wannan marar ido kwarjini ba.

Mutanen unguwa na cewa Baba wasa da bola yake yi. Sai da na girma na ji labarin El Anatsui, ɗan Gana haifaffen Anyako a 1944, wanda ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Murafen kwalabe yake ɗinkewa da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane, har aka ba shi lambar Zakin Zinariya a Benis a 2015. A ranar, Baba na tuna, idona ya cika.

A 2021 aka rushe kasuwar tarkacen Agbogbloshie. Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Dokin kuma, bayan sadakar arba'in, masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗora shi a sikeli suka tafi da shi.

'Yan'uwana na Madina da Nima da Mamobi, duk mai irin wannan aikin hannu a gidansa, don Allah kada ya sayar da shi a kilo.