Karen motar gidanmu

Mu biyar ne a ɗakin Innarmu, kuma duk mun taso da ƙarya guda ɗaya a bakinmu. In malami ya tambaye mu aikin mahaifinmu, sai mu ce direba ne. Babu wanda ya koya mana, mu muka gane da kanmu cewa "karen mota" ba magana ba ce da yaro zai faɗa a gaban aji ya kwashe lafiya. Daga baya Baba ya zama direban da gaske, amma a shekarun da muke wannan ƙarya, shi ne mai kwana a ƙarƙashin gingimari a bakin kasuwar Katako, cikin sanyin Jos ɗin nan da ke shiga ƙashi, yana gadin lodi har gari ya waye.

Duk wanda ya girma a Laranto ya san aikin. Shi ke ɗaure kaya da igiya, shi ke cire taya in ta yi faci, shi ke zuba ruwa a lagireto. In mota ta ɗauki Hawan Kibo da nauyi ta fara numfashi sama-sama, shi zai diro da gudu da guntun icen tare taya a kafaɗa, ya cusa kafin ta koma baya da mutane. In an isa lafiya, direba ake yi wa sannu.

Wannan mutumin ne Adamu Ɗanmaraya Jos ya ɗauka ya yi wa waƙar da ta fara fito da sunansa, Waƙar Karen Mota. Sai mutum ya tuna yadda waƙa take a wancan zamani kafin ya ga girman abin. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo yana bin fadoji, Shata kuma sarakuna da attajirai ke layi a gabansa. Kowa da ubangidan da zai ba shi doki ko mota ko kujerar Makka. To me karen mota zai ba mawaƙi? In ya yi ƙoƙari, sulai biyu da goro. Ga shi kuma Ɗanmaraya ba baƙon fada ba ne. An haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, kuma da iyayen suka rasu yana jariri, sarkin ne ya riƙe shi. Ƙofar waƙar fada a buɗe take gare shi. Ya bar ta ya nufi tasha.

Kayan aikin nasa ma na tasha ne. Kuntigi dai gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya tak. A Maiduguri ya gan shi yana yaro, ya haɗa nasa. Ba 'yan amshi, ba tarin makaɗa, shi kaɗai da abin da zai shiga aljihun babbar riga.

Baba yana da kaset ɗin. Ba na asali ba ne, wani mai shago a kasuwar Terminus ya naɗa masa, ya rubuta sunan da biro. In ya dawo daga tafiya, ya yi wanka da omo saboda baƙin mai, sai ya jawo rikoda ya ce, "Ku sa mini ɗan'uwana." Mu kuwa kunya ce ke kama mu. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, kowa na ji. Yayanmu har rage murya yake yi in Baba ya juya baya. Wata rana Baba ya kama shi. Bai dake shi ba. Cewa ya yi, "Kai, ƙara mini. Shekarata nawa a bayan mota, ban taɓa jin wanda ya san da ni ba sai wannan bawan Allah." Ya ƙara da kansa har ƙarshe. Inna tana bakin murhu ba ta ce komai ba, amma mun san labarin da ba a faɗa: sai da danginta suka ja auren nan kusan shekara, saboda ba sa son ba wa yaron mota 'ya.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wani malamin firamare, Kirista ne, shi kuma ba ya rabuwa da Don Williams da Kenny Rogers, kamar yawancin mutanen Jos na lokacin. Shi ya fara gaya mana cewa a Amurka akwai kiɗa sukutum na irin waɗannan mutane, manoma da direbobin manyan motoci da waɗanda aure ya ba kashi, kuma masu yin sa ba sa jin kunyar kowa. Yakan tsaya da bokitinsa a hannu in kuntigi ya tashi, ya ce, "Baban yara, wannan ai namu ne na nan." Baba bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba in ban da na tasha, amma su biyun sukan zauna a benci ɗaya suna musayar kaset. Mu dai a kunnenmu, Ɗanmaraya ya fi su kaifin baki. Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya, ai wasan kwaikwayo ne cikakke, mutum ɗaya yana yin miji yana yin mata yana yin magulmaciya. Su waɗancan sun fi shi kayan kiɗa ne kawai.

Akwai abin da ba mu lura da shi ba sai da muka girma, lokacin da aka fara tambayarmu takardar asali a duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa. Mutumin nan sunan garin nan ya liƙa a jikin nasa, ya zaga da shi ƙasashe. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. In aka ce Ɗanmaraya a Kano ko Yamai ko Kumasi, kafin ka rufe baki wani ya ƙarasa maka da "Jos". Ba mu taɓa jin wanda ya ce a cire ba.

Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, shagon mai kaset ya tafi da ita. Malamin nan ya tashi daga unguwa bayan rikicin 2001, ba da faɗa ba, ya zo har ɗaki ya yi sallama, ya bar wa Baba kaset biyu. A rikicin Nuwamban 2008 kuma wuta ta ci 'yar rumfar da Baba ya kafa bayan idonsa ya hana shi tuƙi, rikodar da kaset ɗin duka suna ciki. Ya yi ta lissafin buhunan da ya rasa a gaban mutane, amma mu a gida mun san wanne ne ya fi ci masa rai.

Ɗanmaraya ya rasu ranar Asabar 20 ga Yunin 2015, azumi bai fi kwana uku ba. Baba ya ce a kai shi jana'iza ko a kafaɗa ne. Yayanmu, wancan mai rage murya, shi ya riƙe masa hannu cikin cunkoso.

Yanzu jikokinsa ne ke nemo masa waƙar a waya. Kwanan baya ƙaramar cikinsu, 'yar aji uku, ta zo da aikin gida, an ce kowa ya rubuta sana'ar kakansa. Ta tambayi ubanta, ya ɗaga kai ya kalle mu, muka kalle shi. Baba yana kan tabarma da carbi, ashe yana ji. Ya ce, "Zo nan, amaryata. Rubuta karen mota." Ta ce, "Kaka, kare kuma?" Ya ce, "Rubuta dai. In malamar ta yi dariya, ki ce ta zo in ba ta labarin Hawan Kibo."