Gargaza da Riƙon Amana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ina so in ba ku labarin wata wa'aztuwa da na samu daga kifi, a lokacin da karatuna ya kusa kāsa tsare ni.

A shekarar 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, aka kashe wani maƙwabcina a nan Gangara. Da muka raba gādo, sai dangi suka danƙa mini kuɗin marayunsa uku ajiya. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, gona kuwa ba ta shiguwa, sai zuciyata ta dinga raya mini cewa in ranci kaɗan, in mayar da kaka. Alhali na san malamanmu na Malikiyya sun ce rancen kuɗin ajiya makaruhi ne ga mai wadata, haramun ne ga wanda ba shi da abin biya.

A cikin wannan hali, akwai wani akwatin gilashi a zaurena, wanda ɗan ƙanena ya kawo mini, muka zuba rairayi da ruwa, muka sa gargaza huɗu da wani masunci ya kamo a gulbin Rima. Ita ce kifin da waɗansu ke kira karfasa. Tun dā malamai irin su Aljahizu da Addamiri suka wallafa littattafai a kan halayen dabbobi, saboda haka ban ɗauki kallonsu wargi ba.

Wata rana na ga namijin ya haƙa gurbi a rairayi da bakinsa, yana korar sauran. Kashegari na ga wata mace ta raɓe a kusurwa, maƙoshinta ya kumbura, ba ta kula abinci. Na zaci cuta ce, na sa ƙwarya in kamo ta. Sai ta firgita ta tofar da ƙwai rawaya masu yawa, duk suka lalace. Da na faɗa wa masuncin, ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, ai goyo take yi, ka zubar mata."

Ga yadda abin yake. Macen takan zuba ƙwai a gurbin, namiji ya barbara su, sa'an nan ta tsince su ta riƙe a baki tana jujjuya su don su sami iska. Cikin 'yan kwanaki sukan ƙyanƙyashe, amma ba ta sakinsu sai sun shanye gwaiduwar da ke cikinsu, wajen mako biyu ke nan. Duk tsawon wannan lokaci ba ta cin kome.

Da ta sake ɗauka, sai na sa shinge tsakaninta da sauran, na hana yara buga gilashin, ina canza rubu'in ruwan kowane mako a hankali. Ranar da ta saki 'ya'yan, suka fito tamkar ƙura. Da inuwar hannuna ta gifta, suka ruga suka koma bakinta. Bayan 'yan kwanaki na ware ta don ta ci ta murmure, su kuwa ina barbaɗa musu abincin kifi da aka niƙa lilis, kaɗan kaɗan, don kada ruwan ya ruɓe.

To, jama'a, ku dubi hikimar harshenmu. Bahaushe bai kira ha'inci da kome ba sai cin amana. Ga halitta mai jin yunwa, abin da za ta iya haɗiyewa yana cikin bakinta, babu mai tsaronta, amma ba ta ci ba. Ita ilhami ne kawai, ba a ɗora mata shari'a ba. Mu ne muka ɗauki amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗauka, kamar yadda aya ta 72 ta Suratul Ahzabi ta bayyana. A daren nan na kai kuɗin wurin limaminmu, muka ƙidaya gaban shaidu biyu muka rubuta, ni kuwa na sayar da tunkiyata na sayi gero.

Ya kai ɗan kasuwa, jarin da wani ya ba ka ƙwai ne a bakinka. Ya kai ma'aikaci, albashin mutane da kuɗin magani da hatsin 'yan gudun hijira da ke bi ta teburinka, su ma haka. Kada ka yarda da zuciyarka ranar matsi. Ka rubuta, ka kafa shaidu tun kana da ƙarfi.

Allah Ya ba mu ikon mayar da amana ga masu ita, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.