Neman Fili Tsakanin Tudu da Fadama

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mai gidan da muke haya a Sabon Gari ya aiko ɗansa da hantsi, wai daga Janairu akwai ƙari. Ban ga laifinsa ba. Unguwar ta cika ta batse, duk zauren da ke kallon titi ya koma shago, kuma ko na tashi yau, kafin magariba wani ya kawo kayansa. Abin da aka sallame ni da shi bayan ritaya yana nan ban taɓa ba, amma ba zai sayi ko kango a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho ba. Can sai alhazan Maraɗi. Don haka na sake tayar da maganar ƙauye: ɗan fili da zan yi ɗaki biyu, in yi shuka a bayansa, in daina lissafin ƙarshen wata.

Uwargida ta saurara har na gama. Ta ce, "Malam, ni ban ƙi ba. Amma in sai na ja guga gaba ashirin kafin in ɗora tukunya, ka tafi kai kaɗai, mu muna nan." Ta ƙara da likita da lakkwal ɗin autarmu. Na rubuta su duka uku a bayan wannan littafi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Jiratawa, a bayan babur ɗin wani dillali da maƙwabcina ya haɗa mu. Tafiyar ba nisa, kudu da gari kaɗan. Wanda ya fito daga ƙurar Maraɗi a wannan wata ya shiga lambunan nan, sai ya ji kamar ya sauka wata ƙasa: zogala jere-jere an sassare kanta tana sake tohowa, masara, tattasai, albasa a komai, mata suna cika buhuna da ganye za a kai kasuwa. Wurin noman rani ne da gwamnati ta gyara a farkon shekarun 1980, kimanin hekta 500 a kwarin Gulbin Maraɗi. Ruwansa ba daga gulbin yake zuwa kai tsaye ba, daga rijiyoyin burtsatse ne, injinan lantarki ke jawo shi zuwa magudanan siminti. Manoma suna cikin ƙungiyoyi, ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, tana kula da ɓangaren fasaha, kowa kuma yana biyan kuɗin ruwa bayan girbi.

Dillali ya nuna mini wani yanki kore shar, ya ce mai shi na son kuɗi da gaggawa. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Sai dai da ya tafi neman mai wurin, na zauna gindin mangwaro da wani dattijo mai gyaran kwalbati, na tambaye shi yadda ake sayen wuri a nan.

Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana saye? Ƙasar nan ta hukuma ce, mu aiki aka ba mu. Ana yin ciniki a ɓoye, ba ƙarya ba ne, amma sunan da ke littafin ƙungiya ba naka ba ne. Ranar da rigima ta tashi, wa za ka kai ƙara, da wace takarda?"

Ya kuma tuna mini da 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Mu a gari zafi da duhu muka sha. Su a nan, in ji shi, injin da ba wuta ba ya ba da ruwa, shukar da ba ruwa kuma ba ta jiran sulhun shugabanni. Na gode masa, na ce wa dillali zan yi shawara. Ya gane.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ranar kasuwa. Na haɗu da wani tsohon abokin aiki a layin masu hatsi. Ya sayi fili a bakin gari shekarun baya, ya je zuba yashi ya tarar wani ya riga ya kafa tubali, kowannensu da takarda mai hatimi. Har yau suna zirga-zirgar shari'a. Ya ce yanzu duk dillalin da ka tara da shi sai ya ambaci jirgin ƙasa, wai layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta kusa da filin. In aka tara duk filayen da aka ce dogon zai bi ta gefensu, jirgin zai kwana yana kewaya jihar bai iso tasha ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Tibiri. Ƙanin uwargida yana koyarwa a wani ƙauye kusa da garin, shi ya ce in zo in ga wata gona da ake son sayarwa.

Mu a nan ba mu da duwatsu irin na mutanen Ayar, waɗanda ke noma lambu a Timiya ko a saman Bagzam. Tudunmu jigawa ce kawai, ta ɗara kwari da 'yan gabobi. Amma wannan ɗan bambanci shi ya tsara zamanmu gaba ɗaya. Maraɗin farko a fadama take, inda Katsinawa suka kafa sarautarsu bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina. Tibiri ma haka, Gobirawa suka kafa ta a zamanin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Duhun kurmin kwari ya kare su daga mahaya dawaki, bai kare su daga ruwa ba. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka kwashe garuruwan biyu aka hau tudu, shi ya sa titunan Maraɗin yau suke a miƙe kamar an ja su da igiya. Gulbin yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa, ya wuce mu, ya sake komawa Nijeriya ya faɗa Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya ya rage zuwa da ƙarfinsa na da, mutane suka saki jiki suka riƙa gangarawa da gini. Ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin Maraɗi, ya ishe ni darasi. Lambu a fadama, ɗaki a tudu. Kakanni sun riga sun biya kuɗin wannan karatu.

Gonar tana gefen ƙauyen, a kan tudu, tana kallon kwarin. Yashi ne, an girbe gero, karan na tsaye. Akwai gawo manya a ciki, sun fara fitar da ganye yanzu da sauran itatuwa ke shirin zubarwa, akwai kuma ƙananan sabara da kalgo da aka bari aka gyara musu rassa, irin sassaben zamanin da ya maido wa jihar nan itatuwanta tun shekarun 1980. Wannan ya nuna mini mai gonar manomi ne na gaske. Famfon ƙauyen ba nisa, lakkwal ɗin ana hango tutarta.

Daga gabas na ga turakun siminti a jere. Surukina ya ce burtali ne. Na taka na duba da kaina ko gonar ta ci wani abu daga cikinsa, don wanda ya san abin da ya faru a Toda a 1991, a wannan yanki namu, inda rikicin manoma da makiyaya ya hallaka mutane fiye da ɗari, ba ya wasa da hanyar shanu. Ba ta ci ba.

Mai sayarwar matashi ne, ya ce gonar mahaifinsu ce da ya rasu, shi ne babba, yana son jarin tafiya Libiya. Na ce sai mun ga mai gari.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ban fita ba. Uwargida ta kawo tambaya ta huɗu, wadda ba ta cikin jerin ranar Asabar: tsaro. Tana da gaskiya. Ƙauyukan bakin iyaka a gundumomin Madarunfa da Gidan Runji sun sha satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 muke karɓar 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato. Ƙauyen nan yana kusa da babbar hanya, da nisa tsakaninsa da iyaka. Duk da haka, baƙo daga birni da ya zo ya yi ginin siminti da ƙofar ƙarfe mai fenti ya kira ido. In Allah ya yi, da tubalin laka zan yi, irin na kowa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Zauren mai gari. Bayan gaisuwa da goro na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sa aka kira yaron, ya tambaye shi a gabana su nawa mahaifinsu ya bari. Maza biyu, mata uku, da mahaifiyarsu. An raba gado? Ba a raba ba. Matan sun sani? Yaron ya ce ai suna gidajen mazajensu, ba noma suke yi ba.

Mai gari ya juyo gare ni. "Malam, ka ji. Ni ba zan sa hannu a kan wannan ba. Yau za su yi shiru don kunya. Shekara goma nan gaba ɗiyansu za su zo, su kuma ba kunyarka suke ji ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya kawo ni wurinka ke nan."

Wannan magana ta "ba noma suke yi ba" ta tsaya mini a rai duk hanyar dawowa. A da, gida na da gandu, mai gida kuma yana yanka wa kowace mace da kowane saurayi gamana, abin da ta noma a ciki nata ne, da shi take fita kunyar biki da suna. Da mutane suka yi yawa ƙasa ta ƙare a kudancin jihar nan, gamanar mata ce ta fara tafiya. Aka ce musu su huta, wasu aka ce addini ne ya hana su fita gona, alhali iyayensu mata sun yi noma da sallarsu da azuminsu. Yanzu an kai inda rashin nomansu ya zama hujjar hana su gado. Mu kuma mutanen gari masu ɗan kuɗin sallama, mu ne kasuwar wannan zalunci. Arhar da muke murna da ita sau da yawa rabon wata ce da ba a tambaya ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Bayan masallaci na tsaya wurin malaminmu na unguwa. Ya ce abin a fili yake: matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, sauran a raba, namiji rabon mata biyu. Ya ƙara da abin da ya kamata kowane mai saye ya sani, wato shufa'a. A mazhabar Malikiyya, in ka sayi rabon wani a cikin dukiyar da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi wurin. Ke nan ko yaron rabonsa kaɗai ya sayar mini, ban tsira ba sai an ja iyaka.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ofishin hukumar filaye ta gundumar Tibiri. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun da aka zaɓa, jami'in da gwamnati ta naɗa ke riƙe da gunduma, amma aikin filaye yana tafiya. Sakataren ya yi mini bayani a tsanake. Tushen abin dokar ƙasar noma ce ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kafa hukumomin filaye. Ta ƙauye, wadda ake kira Cofob, mai gari ke shugabanta, akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa a ciki. Ita ke ba da shaidar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko gado. Ana yin cigiya tukuna, mai ja ya fito. Daga nan takarda ta hau zuwa gunduma a shigar da ita rajista. Ya ja kunnena cewa wannan daban take da takardar filin da aka yanka a cikin gari, kuma wanda ke son cikakkiyar takardar mallaka sai ya ci gaba zuwa ma'aikatar safiyo da kuɗinsa.

Ya ce yawancin shari'un da ke zuwa gabansu ba na saye ba ne, na aro da jingina ne da aka yi da baki, shaidu suka mutu.

Laraba, 19 ga Nuwamba

An raba gadon yau, liman da dattawa suka yi, da igiya da turaku. Ni na tsaya nesa, ba hurumina ba ne. Matan uku duk sun zo. Biyu sun ce a haɗa nasu da na wansu a sayar, a ba su kuɗinsu a hannu, ba ta hannun kowa ba. Ta ukun, wadda ta zo da goyo, ta ce nata ba na sayarwa ba ne, gyaɗa za ta sa. Ƙaninsu ma ya riƙe nasa, tsohuwar ta bar tumuninta wurinsa.

Abin da ya rage mini bai kai yadda na hango ranar Talata ba, kuma mafi girman gawon ya faɗa rabon mai goyon. Dillalin Jiratawa da ya ji labari ya ce na yi wauta, da na rufe ciniki tun ranar farko da duka na samu a kuɗi ɗaya. Haka ne, da duka na samu.

Da za mu watse na je na gaida tsohuwar. Ta ce, "Malam, in ka zo zama, ka zo da iyalinka. Masu saye su kafa turaku su tafi sun ishe mu." Na ce, "Inna, in Allah ya yarda da su zan zo."

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na kai uwargida ta gani. Ta je famfon da kanta, ta tambayi matan da ke layi ko yana ƙafewa da bazara, ta leƙa ɗakin shan magani, ta ƙirga tafiyar zuwa bakin hanya. Ba ta ce ta yarda ba, ta dai nuna inda take son a sa madafa, nesa da iskar gabas.

Na ba da kafin alƙalami a gaban mai gari da liman da maƙwabtan iyaka huɗu, aka rubuta, masu sayarwa uku suka dangwala yatsa kowa da sunansa. Sauran kuɗin suna wurina sai cigiya ta ƙare takardar Cofob ta fito. Masu bugun tubali sun ce a fara cikin sanyin nan tun ruwan tafki bai janye ba. Mai gidan Sabon Gari kuwa na aika masa cewa na karɓi ƙarin, zuwa watan Yuni.