Abin da Ciwon Gawut Ya Koya Mini a Kan Takardar Magani

Gawut ba ya sallama. Cikin dare yake zuwa, ya kama babban yatsan ƙafa ya kumbura shi, ko mayafi ya goga sai ka ji kamar garwashi aka ɗora. Sinadarin yurik asid ne ke yawa a jini har ya daskare a gaɓa. Nawa bayan Babbar Sallah ya iso, kowa kuwa ya san abin da na ci.

1. Kashe zafi daban, kashe cuta daban. Mai kemis ɗin unguwarmu ya leƙa ƙafar ya ce, "Sanyi ne, Alhaji," ya ƙirgo mini diclofenac. Zafin ya tafi, na yi ta sa masa albarka. A asibiti ma, sabon mai gawut yawanci da ɗayan uku yake fitowa: irin wannan ƙwayar, ko colchicine, ko prednisolone. Duk suna kwantar da kumburi, amma babu wanda ke rage yurik asid. Diclofenac kuwa in ya zama abincin kullum, ciki da ƙoda ne ke biyan bashin.

2. Jinkirin likita ba rowa ba ne. Da ciwon ya dawo aka gwada jinina, na so a rubuta mini komai a ranar. Likitan ya ce sai ya duba ƙodata tukuna. Ashe ƙa'idar da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar a 2020 ba ta gaggawar fara allopurinol, maganin da ke rage yurik asid, a kan tashin farko, sai in ƙoda ta raunana, ko akwai tsakuwa a cikinta, ko awon yurik asid a jini ya haura 9. Wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, shi kam ba a jira.

3. Maganin gaske ba shi da farin jini. Nan na fi shan wuya. An fara mini allopurinol da miligiram 100, bai daɗe ba ƙafar ta sake tashi. Na ce wannan ai ƙara cuta yake, na cusa kwalin a durowa. Da na koma, likitan ya ce, "Malam, ina colchicine ɗin da na haɗa maka?" Ban saya ba, don na ga ba na jin ciwo. Ashe idan sinadarin ya fara sauka, tsohon da ya daskare yakan motsa, shi ya sa ake haɗa kariya ta wata uku zuwa shida. Ba a kuma barin mutum a kan 100 ɗin. Ana ƙarawa a hankali ana gwada jini har awon ya koma ƙasa da 6. Mu dai mun saba, in ciwo ya lafa sai magani ya zama kayan ajiya. Abin da ke sa a tsayar da allopurinol nan take a garzaya asibiti shi ne ƙuraje su feso a jiki.

4. Kai wa likita duk ledar magungunanka. Ƙwayar hawan jinin da na daɗe ina sha tana ɗauke da hydrochlorothiazide, mai sa fitsari, kuma tana ɗaga yurik asid. Aka sauya mini da losartan.

5. Ƙauracewa tsire kaɗai ba ta isa. Na rage hanta da ƙoda da lemon kwalba, uwargida na gadin tukunya kamar da gaske. Awon ya ɗan motsa, amma bai sauka ba sai da aka kai ni miligiram 300 na allopurinol.