Tsarabar Kaduna: Yawon Neman Kayan Gashin Faransa

 Bahaushe ya ɗauki tsaraba da muhimmanci, domin duk wadda ta yi tafiya ta dawo hannu rabbana, ko ba a faɗa mata ba ta san akwai magana. Mun saba da kilishi da alkaki da turare da atamfa. To wannan watan za mu leƙa arewacin garin Kaduna, mu nemo wata tsaraba da yara da surukai ba su cika gani ba, wato kayan gashi irin na ƙasar Faransa.

Kada ki yi mamakin yadda aka yi Faransa ta shigo zancen garin gwamna. Turawan Ingila ne suka mayar da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917, bayan sun taso daga Zungeru. Amma a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, can tsallaken kogi, aka sami Faransawa da iyalansu suna zaune a garin. Ga kuma Kwarori 'yan Lebanon, waɗanda ƙasarsu ta taɓa zama ƙarƙashin Faransa, sun kuma iya gashi. Waɗanda suka daɗe a garin za su tuna French Café da ke kan titin Ali Akilu, inda a shekarun 2000 ake zuwa cin irin wannan abinci.

Idan daga Zariya ko Kano kike, ta Kawo za ki shigo. Kina sauka daga gadar sama da aka sake ginawa aka buɗe a 2022, kin hau titin Ali Akilu kenan. Zai bi da ke ta Unguwar Sarki, inda Masallacin Sultan Bello yake, ya miƙe har ya haɗe da titin Ahmadu Bello, wanda ke kaiwa babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A kan waɗannan tituna biyu, da titin Isa Kaita, da unguwanni irin su Unguwar Rimi da Malali, a nan ne manyan kantuna da gidajen gashi na zamani suka fi yawa. Shaguna kan buɗe su rufe, don haka ki tambayi 'yar gari ta nuna miki wanda ake yayi, kuma ki je da hantsi, lokacin da kayan ke fitowa daga wuta.

Sarkin kayan shi ne kurwasan, wanda ma'anar sunansa da Faransanci jinjirin wata ne, saboda lanƙwasarsa. Asalinsa ma daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya yake. Wani mutumin can mai suna August Zang ne ya buɗe gidan burodi a Faris wajen ƙarshen shekarun 1830, Faransawa suka kwaikwaya, suka gyara shi ya zama nasu. Akwai labarin da ake yaɗawa cewa an ƙirƙire shi a 1683 don yi wa tutar Daular Usmaniyya ba'a, amma masana tarihin abinci sun ce ba shi da madogara, don haka kada ya hana ki saye.

Abin da ya sa yake tsada aikin da ke cikinsa ne. Ana kwaɓa fulawa da yis da madara, a shimfiɗa, a sa bota mai sanyi a tsakiya, a ninka gida uku, a mayar firji. Idan aka yi haka sau uku, sai a sami hawa 27 na bota. A cikin wuta ruwan botar ke zama tururi ya ɗaga kowane hawa. Kin ga a garin da ke da zafi, ga matsalar wutar lantarki, ga kuma mafi yawan alkamar da ake yin fulawa daga waje take zuwa, dole kuɗinsa ya ɗara na burodin mai shayi.

Ga yadda za ki gane mai kyau. Ki sayi guda ɗaya tukuna, ki ɗaga ki ji. Na ƙwarai ba shi da nauyi, bayansa na ɓarewa da ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma ramuka ne kamar saƙar zuma. Idan kika tarar da shi cunkus, to burodi ne aka lanƙwasa aka sa masa suna. Idan maiƙo ya daskare miki a dasashi, majarin aka sa maimakon bota ta nonon shanu.

Sai babbar magana, wato halacci. Girkin Faransawa na asali yana amfani da abubuwan da Musulmi ba ya ci. Akwai wani kek da ake kira baba, wanda ake jiƙawa da giya. Akwai kurwasan da ake cusa wa naman alade. Haka kuma kayan kirim masu santsi sau da yawa ana daskarar da su da jelatin, wanda a Turai galibi daga fatar alade ake samunsa. Yawancin masu gashi a wannan ɓangare na gari sun san da wa suke ciniki, amma tambaya ba ta ɓata komai. Ki tambayi mai shago a fili ko akwai giya a ciki, wane nama ne, jelatin ɗin kuma na mene ne. Idan ya kama inda-inda, ki ɗauki wanda ba shi da kirim ko nama, domin abin da za ki kai bakin iyayenki da 'ya'yanki amana ne.

Ki kuma duba nisan tafiyarki. Ekiler, wato dogon nan mai kastad a ciki da cakulan a sama, madara da ƙwai ne, ba ya jure zafin mota. Zariya kamar kilomita 80 ce, za ki iya kai shi a cikin kula mai ƙanƙara. Amma mai zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato gara ta ɗauki busassu, irin su palmiye mai sukari, da madalen mai siffar ƙwaryar kifin teku, da biskit ɗin sabile, waɗanda ke kwana biyu ko uku lafiya lau. A sa a kwali, kada a ɗaure a leda su yi gumi. Kurwasan idan ya kwana, a ɗumama shi minti biyar a tukunya marar ruwa a kan wuta kaɗan.

Ki yi la'akari da wanda za ki kai wa. Yara cakulan suke so. Hajiya mai ciwon sukari kuwa, ki saya mata baget, dogon burodin nan da 'yan uwanmu na Maraɗi ke karyawa da shi kullum, ba shi da sukari ko mai, amma fulawa ne, sai ta ci kaɗan. Gidan da ke da mata biyu ko uku, a ƙirga kawuna tun a shago, kada tsarabar da aka saya don zumunci ta haifar da gaba. Kuma kada ki taɓa kuɗin cefane don burgewa. Guda shida masu kyau, a haɗa da alkaki ko dubulan na gida, sun isa a ce an gode.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya ciyar da mu halal, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.